Rigar kwala daga takardar yanka: inda aikin ya kwana

9 ga Nuwamba, 2024

Na fara aikin da na daɗe ina ɗagawa, wato ɗinka wa Malam, wanda ke koyarwa a makaranta, rigunan zuwa aiki a nan cikin gida, da takardar yanka irin wadda kamfanoni ke bugawa su sayar. Kaftani da jamfa ba su gagari telolin Maraɗi ba. Daga unguwar Zariya har Mokoyo akwai hannayen da za su yi wa mutum ɗinkin da zai shiga kowane taro da shi. Amma riga mai kwala da dogon hannu, wadda ake cusawa cikin wando, fanninta daban ne. Sau da yawa ana yanka ta da tunanin kaftani, sai hammata ta yi zurfi, kwala ta kwanta a kafaɗa ba ta da ƙarfin tsayawa. Abin da ke mayar da ma'aikata da malaman makaranta da yawa wurin masu gwanjo ke nan.

Takardu biyu ke hannuna. Ta farko tsohuwar mujallar Burda ce ta Faransanci, wadda wata ƙawata ta zo mini da ita daga Yamai. Kamfanin na Jamus ne, a garin Offenburg, kuma tun 1950 mujallar ke fitowa. A tsakiyarta akwai wani babban falle da aka zana tufafi da yawa a kai, layi bisa layi, ja da baƙi da kore da shuɗi, kowace riga da lambarta da launinta. Ta biyu ambulan ce ta wani kamfanin Amurka, takardar ciki shara-shara, iska kaɗan ta ɗauke ta. Can ne wannan sana'a ta kafu: a 1863 wani tela, Ebenezer Butterick, ya fara sayar da takardun yanka girma-girma, kuma da kayan maza da na yara maza ya soma.

Akwai bambancin da wanda bai lura da shi ba zai yi asarar yadi. Ta Amurka ta riga ta haɗa rarar ɗinki a jikin zanen, 5/8 na inci, kusan santimita 1.5. Ta cikin mujallar Burda ba ta da rara ko kaɗan, layin da aka zana shi ne inda allura za ta bi, mai yanka ce za ta ƙara da kanta. Na zaɓi ta Burda saboda awonta na santimita ne, irin wanda ke jikin tef ɗina, kuma rashin rarar ya ba ni damar sa kowane gefe gwargwadon da nake so.

Awon Malam: wuya 40, ƙirji 100. Jamusawa rabin ƙirji suke ɗauka ya zama lambar rigar namiji, don haka lamba 50 ce tasa.

16 ga Nuwamba

Kwafar zane. Ba a yanka fallen mujallar, domin riguna da yawa ne a kansa, gaba da baya. Na shimfiɗa farar leda mai haske a kai, na bi layin lamba 50 da alƙalamin da ba ya gogewa, sannan na mayar da zanen kan takarda mai kauri. Guntaye ne da dama: gaba, baya, ƙyallen kafaɗa, hannu, ganyen kwala, gindin kwala, bakin hannu, ƙyallen tsagar hannu, aljihu. Kowanne yana da kibiya da ke nuna yadda zai kwanta bisa tsayin zaren yadi, da 'yan alamomi a gefe da ke nuna inda zai haɗu da ɗan'uwansa. Duk na kwafe su, har wadda ban gane amfaninta ba tukuna.

Rara: 1.5 a gefen jiki da hannu da hammata, milimita 7 kawai a kwala da bakin hannu. Ƙaramar rara a wurin da ke lanƙwasa ta fi sauƙin bi, kuma ba sai an zo ana datsewa daga baya ba.

24 ga Nuwamba

Na ɗinka gwaji da akoko, babu aljihu, babu maɓalli, da dogon taku don ya yi sauƙin farkewa. Malam ya sa bayan la'asar, na riƙe gaban da fil. Yau ce ranar da na fi ƙaruwa tun da na fara.

Abu na farko, takardar ta yi gaskiya a wurin da na yi mata zargi. Da na ga ramin hammata a zane, na ce wannan ya yi ƙanƙanta, zai matse shi. Ya ɗaga hannu kamar zai yi rubutu a saman allo, rigar ba ta motsa daga ƙugu ba. Na ɗauko wata tsohuwar rigarsa mai zurfin hammata ya sa, yana ɗaga hannu duk gefen ya biyo shi sama. Ashe idan hammata ta hau kusa da jiki, hannu yana juyawa shi kaɗai. Idan ta yi zurfi, hannu da jikin riga sun zama abu ɗaya, ɗaya ya tashi sai ɗaya ya bi. Mutumin da ke wuni gaban allo da alli a hannu, wannan ba ƙaramin abu ba ne a gare shi.

Abu na biyu, akwai abin da wanda ya zana takardar bai sa a lissafinsa ba. Na ce, "Malam, naɗe hannun kamar za ka yi alwala." Ya naɗe, ya tsaya cak ƙasa da gwiwar hannu. Ya ja da ƙarfi, akoko ya yi ƙara.

"Haka duk na gwanjon suke," in ji shi. "Wani lokaci sai na cire rigar gaba ɗaya."

Shekara da shekaru yana fama da wannan bai taɓa faɗa ba, domin ya ɗauka haka rigar kwala take. Wankin hannu a alwala kuwa dole ya haɗa da gwiwar hannu, sau biyar a yini ko kusa da haka, biyu daga ciki a wurin aiki. Rigar da ba ta barin mutum ya yi alwala cikin natsuwa, ko da kwalarta ta kai ina a kyau, ba ta Maraɗi ba ce. Na tsaga takardar hannun daga ƙasa zuwa kusa da sama, na buɗa ta har faɗin ya ƙaru da santimita 3 a daidai gwiwa. Kan hannun bai canja ba, don haka zai shiga hammata yadda yake. Rarar da ta samu a ƙasa za ta shige cikin ninki biyun da ke bakin hannu. Tsagar hannu kuma na tsawaita ta daga 13 zuwa 17.

Sai ruku'u da sujada. Da ya sunkuya, bayan rigar ya fito daga wando. A takardar akwai layi a kwance da aka tanada don ƙara tsawo. Na yanka a nan na ƙara 5 gaba da baya, sannan na ƙara wa wutsiyar baya wasu 2. A bayan kuma na zaɓi ninki biyu, ɗaya kusa da kowace kafaɗa, maimakon ɗaya a tsakiya, don allon kafaɗa ya samu wurin buɗewa.

Na ƙarshe, kafaɗunsa sun fi na zanen gangarowa. Alamarsa tattara ce da ta taso daga bayan wuya ta nufi ƙarƙashin hammata. Na rage santimita 1 a ƙarshen kafaɗa, ya tafi a hankali har ya ɓace kafin wuya, na kuma saukar da ƙasan hammata da 1 don zagayenta ya tsaya yadda yake.

1 ga Disamba

Babbar kasuwa, neman yadi. Wanda ya fi yawa a rumfuna mai haɗin roba ne. Yana da sheƙi, ba ya yamutsewa, kuma ya fi araha. A wannan sanyin ba wanda zai yi kuka da shi. Ni kuwa watan Afrilu nake tunawa, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ɗakin aji ya cika da yara, rufin kwano na tafasa. Auduga zalla nake so.

Baki ba ya rarrabe su, wuta ce ke rarrabewa. Na roƙi mai rumfa ya yanko mini ɗan ƙyalle, na kyasta ashana a gefe. Auduga tana ci da sauri, warinta na takardar da ta ƙone, tokarta mai laushi ce, ana murzawa ta watse. Mai roba yana narkewa, ya dunƙule ya bar baƙin ƙullutu mai tauri. Dattijon da na saya a wurinsa bai ji haushi ba, shi ya miƙo ashanar ma.

A kula da awo. Yadin da ya fito ta Kantin Kwari a Kano da yadi ake lissafinsa, takardata kuwa da mita take magana, kuma yadi ɗaya santimita 91 ne da ɗan ɗori. Wanda aka ce wa mita 2 ya sayi yadi 2 ya rasa kusan santimita 17, abin da zai ishi kwala da bakin hannu. Nawa mai faɗin 150 ne, na sayi mita 2 da rabi saboda tsawon da na ƙara da kuma abin da wanki zai ci. Launi shuɗi ne mai haske da siraran fararen layuka. Fari ya fi kyau a ido, amma jar ƙurar hunturu ba ta barin farar kwala ta kai azahar.

Na jiƙa shi cikin ruwan ɗumi, na wanke, na shanya, na goge da sauran danshi. Auduga tana tsukewa a wankin farko. Gara ta tsuke yanzu da ta tsuke a wuyan mutum.

7 ga Disamba

Na yanka. Falle ɗaya-ɗaya na bi, ban ninka yadin ba, don layukan gaban hagu da na dama su dace. Ƙyallen kafaɗa, kwala da bakin hannu na kwantar da su yadda layi zai bi tsawonsu. Allura lamba 80, taku milimita 2. Ƙura ta yi yawa a kwanakin nan, kullum sai na share keken na ɗiga masa mai, na taka a kan tsumma kafin yadin kirki ya shiga.

18 ga Disamba

Hutun Ranar Jamhuriya, yara sun tafi gidan kakarsu, na samu yini guda.

Aljihu da farko, tun gaban yana shimfiɗe. Na ƙara masa zurfi, na kuma yi ɗan ɗinki mai kusurwa uku a bakinsa hagu da dama, domin aljihun malami ba ado ba ne: biro, alli, wani lokaci har waya. Sai ninkin gaba inda maɓallai za su zauna. A rigar maza hagu ke hawa kan dama, ramuka a hagu, maɓallai a dama.

Ƙyallen kafaɗa biyu ne, na waje da na ciki, kuma ana so duk ɗinki ya ɓuya a tsakaninsu. Na sa bayan riga a tsakiyarsu na ɗinke. Na haɗa gaba biyun da na waje kaɗai. Daga nan na naɗe gaba da baya kamar tabarma har suka taru a kan kafaɗa, na zagayo da ƙyallen ciki ya rufe naɗin, na ɗinke kafaɗu, na jawo rigar duka ta ramin wuya. Ta fito ciki da waje babu bakin yadi ko ɗaya a fili, kuma ban taɓa allurar hannu ba.

28 ga Disamba

Kwala. Mako guda ina kanta, kuma ta cancanci haka, domin ita ce ke kusa da fuska, ita ido ke fara sauka a kai.

Kafin in yanka gam, wato ƙyallen da ake mannawa a cikin kwala da dutsen guga don ta yi tauri, na je wurin wani tsohon tela a unguwarmu wanda ya yi shekaru yana ɗinka wa ma'aikata kaya. Na nuna masa takardar, ya juya ta, ya auna gindin kwalar da tef.

Na ce, "Baba, me ke sa kwala ta kumbura bayan wanki, ta yi ƙuraje-ƙuraje?"

Ya ce, "Ɗiyata, gaggawa ce. Ana goga dutse a kai kamar ana gugar wanki. Gam ba ya son a ja shi, dannawa yake so. Ki ɗora, ki danna, ki ƙirga, ki ɗaga. Kuma kar ki taɓa shi sai ya huce."

Haka na yi. Na yanka gam ɗin babu rara, don kada kauri ya taru a cikin ɗinki. Na shimfiɗa ƙyalle mai danshi a kai, na danna daƙiƙa 12 zuwa 15 a kowane wuri. Wuta ta ɗauke ina tsakiyar aiki, na koma dutsen gawayi, sai na ga ma ya fi dacewa da wannan saboda nauyinsa. Abin kiyayewa kawai toka da tartsatsi, shi ya sa ƙyallen saman ba ya rabuwa da shi.

Ga abin da takardar ba ta faɗa ba, Baba ne ya nuna mini da yatsa. Ganyen kwala falle biyu ne, kuma bai kamata su zo daidai ba. Na ƙasa ana rage masa kamar milimita 2 a gefe uku. Wajen ɗinki sai a ɗan ja shi ya kai bakin na sama. Idan an juya, na ƙasan ya janyo ɗinkin ya ɓoye shi a ƙarƙashi, kwalar kuma ta lanƙwaso da kanta ta nufi ƙirji, ba ta ɗaga baki sama ba. Milimita 2 ɗin nan su ne tsakanin kwalar da ke zaune da wadda ke fiffike.

Tsinin kwala kuma, ba a juya allura a kusurwa kai tsaye. Idan an kusa, a rage taku zuwa milimita 1, a yi taku ɗaya a gicciye a kan tsinin, sannan a ci gaba. Wannan taku ɗayan shi ke ba rarar wurin zama in an juya. Na kuma sa zare ninki biyu tsakanin fallayen a daidai wurin, takun ya kama shi, bayan juyawa na ja zaren a hankali tsinin ya fito siriri. Tura almakashi ko tsinke daga ciki yana huda yadi, kuma in ya hudu babu gyara.

Gindin kwala ya fi ganyen wuya, musamman lanƙwasar nan ta gaba inda maɓallin wuya ke zama. Na yanka kwali daidai siffarta, na zana da alli a hagu da dama da kwali ɗaya, na bi layin ina juya keken da hannu. Da na gama na ninka kwalar biyu: tsini ya hau tsini, lanƙwasa ta hau lanƙwasa. Daga inda maɓalli zai zauna zuwa ƙarshen raminsa 41 da rabi, yatsa biyu na shiga tsakanin wuya da riga.

Ina da ra'ayi a kan taurin kwala. Da yawa suna son ta yi ƙarfi sosai, suna ganin shi ne alamar tsada. Ni matsakaicin gam na sa. Malam ba ya ɗaura karabat sai ranar taro, wuyan a buɗe yake yini, kuma kwala mai tauri tana cin fata in gumi ya zo.

5 ga Janairu, 2025

Hannaye. Tsagar hannu da ɗan rufinta mai tsini aikin guga ce fiye da aikin keke. Duk ninkin na kwantar da shi da dutse tukuna, allura ta bi sawu.

Na haɗa hannu da jiki tun gefen yana buɗe, alamar kan hannu ta dace da tata a kafaɗa. Sannan ɗinki ɗaya ya taso daga bakin hannu, ya bi ta hammata, ya sauka ƙasan riga. Duk na yi su da kalmasa: a ɗinka, a datse rara ɗaya ta koma milimita 5, a ninko ɗayar ta rufe ta, a sake bi. Kekena Butterfly ce ta ƙafa, miƙaƙƙen ɗinki kaɗai ta iya, kuma wannan rigar ba ta neman fiye da haka. Ga wankinmu na hannu, da cuɗawa da matsewa da rana, babu ɗinkin da ya kai kalmasa jurewa. Wurin da ke da wuya shi ne bi na biyu a cikin hannu, inda yadi ke taruwa a bayan allura yana ƙara matsewa. Santimita biyu-biyu na riƙa tafiya, ina tsayawa ina gyara.

12 ga Janairu

Ramukan maɓalli. Ana iya kai wa masu injin zigizag a kasuwa su yi cikin ɗan lokaci, kuma ban ga laifin hakan ba. Na wannan rigar dai da hannu na yi, rami biyu ko uku kowane dare. Tsawon rami shi ne faɗin maɓalli da ƙarin milimita 2 zuwa 3. Na gaba a tsaye suke, na gindin kwala a kwance. Tazarar da takarda ta bayar ban bi ta ba, tunda na ƙara tsawo. Na sa Malam ya zauna a kujera, na yi alama inda gaban ya fi son buɗewa, na kafa maɓalli ɗaya a nan, sauran na raba su daga shi, kusan 8 da rabi tsakani.

Maɓallan daga wata rigar gwanjo da ta mutu na ciro su, sun fi sababbin da na gani kauri. Ina ɗora tsinken ashana a kan kowanne in ɗinka, in zare, in naɗe zaren a ƙarƙashi, don ya samu ɗan wuyan da yadi zai zauna.

2 ga Fabrairu

Rigar ta shiga aiki, ta sha wanki, kwala ba ta kumbura ba. Hannu yana wuce gwiwa ba tare da ja ba, baya yana zama cikin wando har a sujada. Abin da ya rage gyara: bakin hannu ya ɗan yi faɗi a dama, daidai yake a hagu inda agogo yake, don haka a ta gaba zan bambanta su da rabin santimita. Aljihu kuma zai sauka da santimita 1.

In ana maganar kuɗi zalla, gwanjo ta fi araha, ba na musu. Yadi mai kyau da gam da zare sun kai kuɗin rigar gwanjo mai kyau, ba a ma sa kwanakin aiki ba. Sai dai mai gwanjo ba ya da rigar da aka yanka don kafaɗar Malam da alwalarsa, kuma yanzu takardar tana nan, wahalar awo ta wuce. Na mayar da duk guntayen kan kwali mai ƙarfi, na rubuta gyare-gyaren da kwanan wata a jikin kowanne, na huda su na rataye a ƙusa.

Ƙanena da ke karatu a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ya ga rigar ya ce, "Yaya, ni ma ina layi, amma gajeren hannu." Ƙirjinsa 92, lamba 46 ke nan, sai na koma fallen mujallar na kwafi wani layin. Shi dogo ne siriri, akwai alamar sai an ƙara tsawo an rage ƙugu, akoko zai nuna. Ana sa ran azumi a farkon Maris, kuma daga nan ɗinkin Sallar yara zai karɓe keken. Kafin lokacin ina so in gama tasa, in kuma yanka ta biyu ta Malam. Wannan karon zan gwada ta takardar Amurka a kan fari, da kwala mai maɓalli a tsini, in ga yadda hammatarta take idan an kwatanta da ta Burda. Gobe zan jiƙa akoko.